Gawo da dokar Damagaram

Duk wanda ya bi hanyar Magariya zuwa Matamai da rani zai ga gawo tsaye cikin gonaki, kore shar, alhali sauran itatuwa sun bushe. Shi gawo sai damina ta sauka yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. 'Ya'yansa masu lanƙwasa, launin ja-ja, awaki har rige-rige suke a kansu.

Tsofaffin Damagaram suna cewa a zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, mai saran gawo ba da izini ba yana iya rasa kansa. Hukuncin ya yi tsauri, ban musa ba, amma gonaki sun cika da gawo.

Turawan Faransa suka kawo dokar daji ta 1935, itatuwa suka koma hannun hukuma. Manomi ya ga icen da ya raina zai jawo masa tara wurin ma'aikatan daji, sai ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. A ganina wannan doka ta yi wa gawo ɓarnar da ba ta gaza wadda fari ke yi ba.

Daga 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya da manoma suka koma ga kututturan da ke tohowa: a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Sassaben zamani ke nan. An ƙiyasta ya farfaɗo da kadada miliyan 5 a kudancin Nijar.