Kwararar gas da matsi a tanderun dutsen mai

Kwararar gas a tanderun dutsen mai ita ce yadda iskar gas mai zafi ke ratsa tarin duwatsun da ake gasawa domin a fitar da ɗanyen mai daga cikinsu. Dutsen mai, wanda ake kira shel, yana ɗauke da wani daskararren sinadari mai suna kerojin. Idan aka gasa shi zuwa kimanin digiri 500 a ma'aunin Salshiyos inda babu iskar oksijin, kerojin yakan tarwatse ya zama tururin mai da gas da ragowar gawayi. A yawancin tanderu na tsaye, gas ne ke kai wa dutsen zafi, kuma shi ne ke kwaso tururin man zuwa waje. Don haka yawan man da ake samu ya rataya ne a kan yadda gas ɗin ya ratsa ko'ina daidai wa daida.

Yadda gas ke bi

A irin wannan tanderu ana zuba dutse ta sama yana gangarowa a hankali, gas kuwa yana hawa daga ƙasa. Gas mai sanyi da aka hura ta gindi yakan fara kwashe zafin tokar da ke shirin fita. Daga nan sai ya isa tsakiya, inda ake ƙara masa zafi, ko dai ta ƙona wani ɓangare nasa da iska, ko ta shigo da gas da aka ɗumama a waje. A saman wannan wuri ne kerojin ke tarwatsewa. Idan tururin man ya gamu da sabon dutse mai sanyi a can sama, sai ya koma ƙananan ɗigo kamar hazo, gas ya fita da shi zuwa na'urorin da ke tara mai.

Raguwar matsi

Gas ba shi da hanya sai ta guraben da ke tsakanin duwatsu, kuma gogayyar da yake yi da su tana rage masa matsi. Wannan ne ya sa matsin gindin tanderu ya fi na sama, kuma injin hura iska ne ke cike bambancin. Injiniyoyi kan ƙiyasta wannan raguwa da lissafin da Sabri Ergun ya wallafa a shekarar 1952, wanda ya haɗa girman dutse, da yawan gurabe, da saurin gas, da nauyinsa da kaurinsa.

Gurabe ne suka fi tasiri. Bisa wannan lissafi, idan suka ragu daga kashi 40 zuwa kashi 35 cikin 100 na faɗin cikin tanderu, raguwar matsi takan ƙaru da fiye da kashi 60 cikin 100. Idan gas yana gudu da ƙarfi, ninka saurinsa biyu kan ninka raguwar matsi kusan sau huɗu. Zafi ma yana da nasa rabon, domin gas da aka ɗumama daga digiri 20 zuwa digiri 500 yakan kumbura fiye da ninki biyu da rabi, ya kuma ƙara kauri.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce garin dutse. Yakan cike gurabe, sai gas ya bar wurin da ya toshe ya koma inda ya samu sauƙi, kamar yadda tururi ke hudo ta gefe guda a madambaci ya bar sauran dambu ɗanye. Dutsen da ke kan wannan hanya yakan yi zafi fiye da kima har toka ta dunƙule, na gefe kuwa ya fita da mansa a jikinsa. Haka kuma, idan hazon mai ya manne wa duwatsun sama, yakan gangaro da su zuwa wuri mai zafi, inda wani ɓangarensa ke ƙonewa ko ya koma gawayi. Saboda haka ake tankaɗe dutse kafin a zuba shi.

Ana kuma toshe mashiga da mafitar dutse da na'urorin da ke hana gas wucewa. Idan iskar waje ta kutsa, tana iya ƙona man ko ta haddasa fashewa. Idan gas ya ɓulla waje, yana iya cutar da ma'aikata, domin yana ɗauke da iska mai guba. Ma'aunan matsi da ake kafawa daga gindi zuwa sama su ne ke fara nuna inda aka samu toshewa.

Tsare-tsare a ƙasashe

A ƙarshen shekarun 1940 Hukumar Ma'adinai ta Amurka ta gwada tanderun da ake ƙona gas a cikinsa a Anvil Points, kusa da garin Rifle a jihar Kolorado. Tsarin Fushun na ƙasar Sin yana aiki da duwatsu masu girman milimita 10 zuwa 75.

A Birazil, kamfanin Petrobras ya ƙirƙiro tsarin Petrosix a garin São Mateus do Sul, inda babban tanderun ke da faɗin mita 11. Ana raba gas ɗin da ya fito gida uku: kashi ɗaya a ɗumama shi a mayar tsakiya, ɗaya a mayar gindi da sanyinsa, na uku a tace shi don amfani.

Dutsen Estoniya yana da yawan kerojin, kuma yakan yi laushi da danƙo kafin ya saki mai. A tsarin Kiviter da ake amfani da shi a Kohtla-Järve, gas yana ratsa dutsen ne a gicciye, daga gefe zuwa gefe, abin da ke gajarta masa hanya. Wannan tsari yana karɓar duwatsu masu milimita 25 zuwa 125. Ƙananan da ba su kai haka ba sun dace da tsarin Galoter, wanda ke gauraya su da toka mai zafi a cikin ganga mai juyawa, ta yadda ba sai gas ya ratsa tarin dutse ba kafin zafi ya isa gare shi.