Daga Tsangayar Shehuri Zuwa Ajin Kimiyya: Yadda Ɗalibi Ya Zama Malamin Ɗan'uwansa

A shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, kuma unguwar da ke kewaye da fadar ita ake kira Shehuri. Malaman da suka zauna a sabon garin sun zo da tsarin karatun da Borno ta gada tun zamanin Birnin Ngazargamu, wato tsangaya. Gwani ɗaya yakan tara almajirai da yawa, amma ba shi ke bin allon kowa ba. Gardi ne ke biya wa kolo karatu, ya nuna masa fiƙar alƙalami da haɗa tawada. Yaro ya kalli na gaba da shi ya kwaikwaya, shi kuma gardi biyawar nan ta ƙara masa ƙarfin hadda.

Makarantar boko ta iso ga wannan dabara ta wata hanyar. A birnin Madras na Indiya, Andrew Bell ya ga yara suna koyon rubutu a kan yashi, sai ya ɗora manyan ɗalibai su koyar da ƙanana, ya wallafa tsarinsa a 1797. Joseph Lancaster ya buɗe makaranta mai irin wannan tsari a Landan a 1798. Daga nan monita ya samo asali. Sai dai a ajujuwanmu aikinsa ya koma goge allo da rubuta sunayen masu surutu, kimiyya kuma ta zama kwafe darasi da haddace shi.

Wanda ya fayyace dalilin nasarar koyo ta kwaikwayo shi ne Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka. A gwajinsa na 1961, yaran da suka ga babba yana dukan wani mutum-mutumin roba sun fi sauran yara dukan sa. A littafinsa na 1977 ya jera matakai huɗu: mai koyo ya sa ido, ya riƙe abin da ya gani, ya gwada da kansa, sannan ya sami abin da zai zaburar da shi. Ya kuma nuna cewa ganin tsaranka ya iya abu yana sa ka yarda kai ma za ka iya. Bahaushe ya ce da na gaba ake gane zurfin ruwa.

A 1991 Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya kai wannan cikin aji. Yakan jefa tambaya, kowa ya amsa shi kaɗai, sannan ɗalibai su yi musayar hujja da na kusa da su, su sake amsawa. Ya lura cewa wanda bai daɗe da fahimtar abu ba yana tuna inda ya cije, don haka bayaninsa ya fi shiga kan ɗan'uwansa.

Maiduguri na cikin garuruwan da suka fi buƙatar wannan. Rikicin Boko Haram ya sa an rufe makarantun Borno a 2014, 'yan gudun hijira suka cika gari, ajujuwa suka cunkushe. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ta kai har Shehuri da fadar Shehu. Inda malami ɗaya ke da batir ɗaya da ƙwan fitila ɗaya, sai ya horar da yara biyar haɗa waya, kowannensu ya ja rukuni.

Sharaɗin dai shi ne na tsangaya: gardi ba ya biyawa sai malam ya saurari karatunsa, domin kuskure ma kwaikwayonsa ake yi. Malaman kimiyya na Shehuri, ku tantance yaranku, sannan ku ba su dama su koyar da juna.