Kayan Jere da Cinikin Tsofaffin Kaya a Wurno, Rabah da Goronyo

Kayan jere su ne ƙore, akussa, tasoshi, kwanuka da tangaran da iyaye kan haɗa wa 'yarsu idan za ta tare, tare da abin da ake jera su a kai. A Wurno da Goronyo na bakin gulbin Rima, da Rabah ta gefen gulbin Sakkwato, su ne dukiyar mace ta ƙashin kanta, miji ba shi da iko da su. Tarihinsu a warwatse yake. Malaman jihadi sun shagala da fiƙihu da yaƙi da sha'anin mulki. Matafiyan Turawa ba su wuce zaure ba. Gidajen gwanjo na Landan da Faris kuwa, idan tasa ko akushi ya zo hannunsu, sukan rubuta masa Hausa ko Arewacin Nijeriya kawai, babu gari babu shekara.

Zamanin Bello zuwa 1903

Wata tsohuwar shaida a rubuce ta fito ne daga matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. A cikin tsarabar da ya miƙa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai bindigogi biyu masu adon azurfa, alkyabba ja, kanumfari da kirfa, aska uku, wuƙaƙe uku masu naɗewa, madubai uku, da wani babban tiren shayi na Ingila wanda aka ɗora ƙananan kayan a kansa. Ya kuma ba da labarin abincin da ake aiko masa daga fada: a farantan gamin kuza masu tambarin Landan ake kawowa, wata rana ma aka zubo masa nama a farin kwanon wanke hannu ƙirar Ingila. Waɗannan kaya ba shi ya kawo su ba. Sun riga shi zuwa, ta hanyar fatauci daga bakin teku zuwa ƙasar Nufe.

Akan jingina labarin ga Wurno, amma shekarun ba su yarda ba. A 1824 Bello yana Sakkwato. Da Clapperton ya dawo a 1826, a garin Magariya ya riƙa samunsa. Ribaɗin Wurno ya zama mazauninsa ne bayan haka, wasu su ce ƙarshen shekarun 1820, wasu su kai shi 1830, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Iyakar abin da za a ce, gidan da ya koma Wurno gida ne da ya riga ya san farantin Landan.

Azurfa fa? Nan ne masu neman cokula da kofunan azurfa na fadar Sakkwato ke shan wahalar banza. Hadisi ya hana ci da sha a mazubin zinariya da azurfa, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya biya, ta kawo hanin. Ta halatta azurfa a zobe, takobi da adon Alƙur'ani, ta hana a linzami, sirdi da wuƙa. Zancen linzami da sirdi, mahaya ba su cika kiyaye shi ba, kamar yadda hawan salla ke nunawa har yau. Amma na mazubin abinci ya zauna daram. Saboda haka azurfar da ta shigo, galibi dalar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, hannun maƙeran fari ta tafi, suka narke ta suka yi munduwa, awarwaro, zobba da 'yan kunne. A jikin mace aka ajiye ta, ba a kan tabarmar cin abinci ba.

Cokali mai yatsu da wuƙar tebur ba su da gurbi a wannan zamani. Tuwo da hannu ake ci, fura da ludayi, koshiya kuma ta itace ce. Jeren mai hali shi ne ƙore fararen ƙal da aka kankare, a ɗora ƙarama kan babba, a rufe da faifai mai rini; baƙin akushi da ya sha mai har yana sheƙi; sai tasar tagulla ta Bida ko Kano, wadda maƙeri ya bubbuga mata zane da ƙusa daga baki har gindi. Tasa ɗaya irin wannan takan ratsa kaka, uwa da jika.

Heinrich Barth ya zauna Wurno sama da wata guda a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, bai yaba kasuwarta ba. Ta Sakkwato ya yaba, musamman aikin ƙarfe da na fata. Wannan ya nuna inda matan Wurno ke aika sayen kayan aure. A 1885 Joseph Thomson ya zo Wurno ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru a madadin kamfanin Turawan Ingila, kayan kamfani suka ƙara samun ƙofa. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Wasu kayan sun bi sojoji zuwa Ingila a matsayin ganima. Ganimar da aka fi sani ita ce tutar Sarkin Musulmi, da aka maido a 1960.

Kwanon fenti da kabad

Sulallan azurfa da Turawa suka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 sun bi sawun dalar Mariya Tereza zuwa maƙera, har aka daina buga su da azurfa a 1920. Babban sauyi ya zo da jirgin ƙasa. Dogo ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa ƙarasawa Sakkwato ba, don haka a bayan raƙumi da jaki, daga baya a mota, kayan kantunan UAC, John Holt da GBO suka riƙa isowa kasuwannin Achida da Goronyo. Kuɗin gyaɗa da auduga suka koma kwanukan fenti: langa, samira, fanteka, kumbo, masu furanni ja da kore, ƙirar Cakoslobakiya, Japan da Hon Kon. Daga wajen 1960 aka fara yin su a Ikko da Kano, farashi ya sauka, jere ya hau. Ɗakin amarya ya zama bango guda na kwanuka, daga ƙasa har kusa da azara, saiti kan saiti, kuma akasarinsu ba za a taɓa zuba musu miya ba. Mata masu zuwa ganin ɗaki da ido suke ƙirgawa, su fita da labari.

Kabad ya zo ne don ya ɗauki wannan nauyi. Kafinsa, a kan dakalin ƙasa ko katako ake jere, wasu kuma a ƙarƙashin gado mai rumfa. Kafintoci suka fara ƙera shi da katako, fuska gilashi, daga baya suka lulluɓe shi da fomeka. Ƙarin albashin Udoji na 1975 da yawaitar zuwa Hajji suka cika shi da tangaran, butocin shayi da kofuna masu ruwan gwal na Jidda. Kwanukan silba da suka biyo baya ba su da ko ƙwayar azurfa, alminiyom ne ko ƙarfe mara tsatsa. Wanda ya nemi kabad da ya girmi mulkin kai a ƙauyukan nan, sai dai ya tarar da adaka ko akwatin ƙarfe.

Yadda suke fita daga gida

Gwanjo na buga guduma ba al'adar yankin ba ce, in ban da na hukuma, idan za ta rabu da tsofaffin motoci da kujerun ofis. Dillaliya ce kasuwar. Ita ke ɗaukar saitin kwano a lulluɓe cikin zane, ta bi gida gida, wannan ta taya, waccan ta ƙara, ta koma wa mai kaya da tayi mafi tsoka, in an sallama ta cire la'adarta. Sunan mai kaya ba ya fita, domin sayar da jere tonon asiri ne. Fari na 1973 da na 1984, da tsadar da ta biyo tsarin SAP na 1986, sun fitar da tasoshi masu yawa ta wannan hanya. Sai rabon gado: idan mace ta rasu akan kira masu sani su yi wa kayan kuɗi, magada su ɗauka a kan ƙima ko a sayar a raba.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Kaɗan sukan faɗa hannun fataken kayan tarihi, Hausawan da Christopher Steiner ya bi cinikinsu a Abijan a littafinsa na 1994, daga wurinsu kuma su kai Turai. Mafi yawa 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli, tagulla da kilo, alminiyom da kilo, a narke a zuba tukwane. Ambaliyar 2010 ta rushe ɗakuna da yawa a Goronyo da Wurno da kayan cikinsu, hare-haren 'yan bindiga kuma, ciki har da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, sun sa mutane gudu da abin da kai zai iya ɗauka. Amaren yanzu roba, kula da kayan Sin ake yi musu.

Dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 ba tare da izini ba. Tasar Bida da tsohon akushi suna iya shiga ƙarƙashinta. Langa, samira da kabad na fomeka ba sa ciki.