Zare: Ɗalibai 426, 'yan Arewa 147. Tarihin cuɗanya a ABU Zariya

1/ Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ɗalibai 426. 'Yan Arewa a cikinsu 147 ne kacal. Wato jami'ar da muke bugun ƙirji muna cewa tamu ce, ranar da aka buɗe ta baƙi sun fi 'yan gida yawa. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Ni ɗan Gwadangaji ne a Birnin Kebbi, ina karatun digirin farko a Samaru. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ƙannenmu na ta tambaya: a tsaya kusa da gida ko a tafi nesa? Kafin a amsa, gara a san abin da ake samu a nesan, da yadda aka yi aka same shi.

3/ Kafin samun 'yancin kai, kwalejin jami'a ɗaya ce tak a ƙasar nan, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. A 1959 gwamnati ta naɗa kwamitin Eric Ashby ya duba bukatun ilimi mai zurfi, ya miƙa rahoto a 1960. A shekarar aka buɗe Nsukka, a 1962 kuma sai ga Legas da Ife da Zariya.

4/ ABU ba a fili fetal aka dasa ta ba. An haɗa makarantun da ke nan tun da: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, da cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano. Kowace ta zo da ɗalibanta da malamanta.

5/ Waccan kwaleji ta Samaru kuwa ta ƙasa ce baki ɗaya. A 1958 wasu ɗalibanta masu koyon zane suka kafa ƙungiya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da sauransu. Yaran Kudu ne, amma har gobe da sunan Zariya ake kiran ƙungiyar tasu a tarihin zanen Najeriya.

6/ To me ya sa namu suka yi ƙaranci? Makarantun boko a Arewa tsiraru ne a zamanin Turawa. Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Barewa, ita ce ƙololuwa, kuma 'yan kaɗan take ɗauka daga kowane lardi. Masu takardar shiga jami'a ba su da yawa, masu takardar koyarwa a cikinta kuwa sai an tona.

7/ Ku lura da wannan. Gwamnatin Sardauna ce ta dage kan manufar ba 'yan Arewa fifiko a aikin gwamnati. Amma da aka zo kan jami'a, sai ya shimfiɗa ƙa'idar cewa za ta koyar da maza da mata ba tare da duban launin fata, addini ko ra'ayin siyasa ba. Ofis daban, aji daban. Ya san bambancin.

8/ Shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander, masanin kimiyyar fiziks ne haifaffen ƙasar New Zealand. Yawancin malamai Turawa ne. Cikin 'yan Najeriyar farko da suka koyar akwai Iya Abubakar a lissafi da Adamu Baikie a fannin ilimi.

9/ Shekara huɗu ba su cika ba aka shiga jarrabawa. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. A watan Mayu Janar Ironsi ya fito da doka mai lamba 34 ta dunƙule ƙasa, Arewa ta ɗauki zafi, ɗaliban Zariya na cikin masu zanga-zanga. Kashe-kashen da suka biyo baya sun sa mutanen Gabas sun kwashe sun koma gida. A 1967 yaƙi ya ɓarke.

10/ A wannan shekara mai zafi, 1966, aka damƙa jami'ar a hannun ɗan ƙasa na farko: Dakta Ishaya Audu. Bahaushe ne, Kirista, haifaffen Anchau, likitan yara, wanda ya taɓa zama likitan Sardauna. Ya riƙe ta har 1975. Duk mai cewa Bahaushe iri ɗaya ne, ya je ya karanta tarihin wannan dattijo.

11/ A zamaninsa aka buɗe makarantar share fage, SBS, don yaran Arewa su cike giɓin da ke hana su shiga. Dabarar ke nan: ba a rufe wa baƙo ƙofa ba, ɗan gida aka kafa wa tsani. Da haka adadin namu ya yi ta hawa, 'yan Kudu kuma suka ci gaba da zuwa.

12/ Ku dubi waɗanda suka riƙe kujerar uban jami'a bayan Sardauna: Oba Akenzua na Biyu, sarkin Binin, Mai Shari'a Udo Udoma, sai Cif Obafemi Awolowo daga 1975. E, Awolowo dai, babban abokin hamayyar Sardauna. Daga baya har Obi na Onitsha, Igwe Alfred Achebe, ya hau kujerar.

13/ Sunayen ɗakunan kwananmu ma darasi ne. Akenzua na sarkin Binin ne. Alexander na Baturen farko. Amina ta Sarauniyar Zazzau. Ribadu na Muhammadu Ribadu, ministan tsaro a jamhuriya ta farko. Danfodio ba sai an faɗa ba. ICSA kuwa sunan hukumar da ta riƙe kadarorin Arewa ne bayan an yanka jihohi a 1967.

14/ Malamai ma haka. Abdullahi Smith Bature ne ɗan Ingila da ya musulunta, ya gina sashen tarihi, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Patrick Wilmot ɗan Jamaika ne, ya koyar da ilimin zamantakewa har gwamnatin Babangida ta kore shi daga ƙasar a 1988. Ga kuma Dakta Yusufu Bala Usman, jinin sarautar Katsina mai jayayya da masu mulki.

15/ Makarantar da ta yaye Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ita ta yaye Donald Duke na Kalaba. A 1999 duk su biyun suka zama gwamnoni, ɗaya a bakin iyakar Nijar, ɗaya a bakin teku.

16/ Me cuɗanyar ta haifar? A Afrilun 1978 gwamnatin soja ta ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce sai kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali ya sauka. An harbe ɗalibi a Legas, an harbe wasu a Zariya. Kira daga Legas, amsa daga Samaru. Ba wanda ya tsaya tambayar ƙabilar mai kiran.

17/ Bayan shekara takwas ɗaliban ABU suka yi jerin gwano na tunawa da mamatan 1978. Hukuma ta hukunta shugabanninsu, rikici ya tashi, ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a harabar, aka rasa rayuka. Jami'o'in Kudu suka fito domin jinin da ya zuba a Zariya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

18/ Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. A Maris 1987, wata goma kacal bayan wancan haɗin kai, rikicin addini ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wutar ta bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Aka ƙona wuraren ibada. A makaranta aka kunna ashanar.

19/ Darasin a nan: tara mutane wuri guda ba shi ne zaman tare ba. Taron da ya haɗa kai a 1986, irinsa ne ya dare gida biyu a 1987. Zo mu zauna, in ba a kula ba, zo mu saɓa ne.

20/ Hatta ƙungiyoyin addininmu da hannun wasu a ciki. MSS da muke alfahari da ita a Legas aka kafa ta a 1954, Lateef Adegbite na cikin waɗanda suka assasa ta. FCS ta 'yan uwa Kirista kuwa a Arewa aka haife ta, a Gindiri, a 1957. Ta Musulmi daga Kudu, ta Kirista daga Arewa. Wa ya zata?

21/ Daga 1978 JAMB ta karɓi shiga jami'a. Tsarin jami'o'in tarayya da aka sani: kashi 45 cancanta, kashi 35 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Kebbi na cikin rukunin ƙarshen nan. Gurbi ne da aka ware mana a jami'o'in tarayya, har na Kudu. Mu nawa ne ke neman sa a can?

22/ A lokaci guda jami'a ta yi ta matsowa kusa da gida. Ta Sakkwato an kafa ta a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Danfodiyo a 1988. Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977; can Farfesa Attahiru Jega namu ya yi karatu, ya dawo ya shugabance ta. An ƙirƙiro Kebbi a 1991, ta Aliero ta zo a 2006, ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013.

23/ Wallahi wannan alheri ne, ban raina ba. Yarinyar da mahaifinta ba zai taɓa barin ta tafi Zariya ba, yau tana digiri tana kwana a ɗakin mahaifiyarta. Ɗan talakan da kuɗin mota ke gagara, yau kabu-kabu ya ishe shi. Mutanen 1962 ko a mafarki ba su ga haka ba.

24/ Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yau yaro na iya yin firamare, sakandare da jami'a bai haye iyakar masarautarsu ba. Ranar da zai fara zama da wanda ba ya jin Hausa ita ce ranar sansanin bautar ƙasa, shirin da Gowon ya kafa a 1973. Shi ma ana isa sai a fara neman a dawo da mutum gida.

25/ Iyaye kuma ba a ga laifinsu ba. Hanyar Gusau, Tsafe zuwa Funtuwa da muke bi, kowa ya san addu'ar da ake yi kafin a hau ta. A Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, makarantar da aka gina musamman don haɗa 'ya'yan ƙasa. Ƙara da yajin aikin wata takwas na 2022. Uwa ta ce zauna kusa, me za ka ce mata?

26/ To me ya rage a Samaru yau? Da saura. Ɗakinmu akwai Bayarabe daga Ilori, da Batibi daga Binuwai, da Babarbare. Tukunya ɗaya. Ni shinkafar gida nake kawowa, Batibin doya, Babarbaren kuwa turaren wuta, wai ɗakin maza ma yana da haƙƙi. Ƙarshen zango in aljihu ya bushe, garin kwaki ba ya tambayar addinin kowa.

27/ Harshe ma kasuwa ce. A aji Turanci, a ɗaki buroka, a kasuwar Samaru Hausa. Ɗan Inugu na shekara biyu ya iya "nawa ne gaskiya?" Ni kuma in na ce "mi kaka yi?" sai Kanawa su bushe da dariya, su ce Basakkwace ya iso. In ce musu Bakabe dai, ku bambance. Daga nan sai tarihin Kanta ya tashi.

28/ Kakanninmu ma sun bar mana maganin zama da baƙo: wasan barkwanci. Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, Bafulatani da Batibi, Bakano da Bazazzagi. A ɗakin kwana na ga amfaninsa. Maganar da za ta jawo faɗa, in ta bi ta bakin abokin wasa, dariya take zama.

29/ Abin da ya fi ba ni mamaki: a Zariya na san Kebbi. Masarautu huɗu gare mu, Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Amma a taron ɗaliban jiharmu na fara zama sosai da Dakarkari, Kambari, Gungawa da Zabarmawa, Musulmi da Kirista. A Gwadangaji sunansu nake ji. A Samaru muka ci tuwo kwano ɗaya.

30/ Amma ƙungiyar jiha tana iya zama keji. Akwai wanda zai shekara huɗu, ɗakinsa 'yan garinsu, karatun dare 'yan garinsu, zaɓen ɗalibai ma sai ya tambayi "namu ne?" Wannan jikinsa ne ya je Zariya. Ya sha wahalar hanya, ya bar ribar a can.

31/ Mu mutanen Kabi bai kamata a koya mana wannan ba. Shekaru aka kwashe ana gaba tsakanin Argungu da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ya zo Argungu, aka yi masa bikin su a Matan Fada. Bikin da duniya ke zuwa kallo yau, asalinsa wani ne ya yarda ya bar gidansa ya je na wani.

32/ Don haka ƙannena, in hali da tsaro sun bari, ku gwada nesa: Zariya, Jos, Ilori, har Ibadan. In kuma Birnin Kebbi ko Aliero ce ta samu, Alhamdulillahi, can ma akwai ɗan Zuru da ɗan Kogi da ɗan Oyo a bencin baya. Ku matsa ku gaisa. Ku riƙe addininku da tarbiyyarku, ku san na wani.

33/ Waɗancan 147 ɗin sun zauna cikin baƙi 279, ba su narke ba, su ne ma suka fito suka riƙe Arewa. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi Samaru ko Kongo a shekarun 1970 da 1980, don Allah ku faɗa mana a ƙasa: wa kuka zauna ɗaki ɗaya da shi, kuma kuna zumunci har yau? Allah ya ba mu zaman lafiya.