Ina ake ajiye lambar da ke daidaita ƙarar waƙa? Tarihi daga kaset zuwa memori

Yau doguwa ce, a gyara zama.

Akwai abin da muka saba da shi har mun daina tambaya. Ka sa iyafis kana karatun dare, waƙar Shata ko ta Ɗanmaraya tana tafiya a hankali, ka ƙure murya don ka ji kalangu ko kuntigi da kyau. Tana ƙarewa sai wata ta zamani ta faɗo maka kamar an fasa kwalba a cikin kunne. Haka direban motar Kashere yake fama, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan maɓallin rediyo. Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan waya ko a kan mai turi. Matsalar kuwa ta girmi wayar, kuma an fi shekara 20 da samo maganinta. Maganin 'yar lamba ce da ke gaya wa na'ura ta rage wannan waƙar kaza, ta ɗaga waccan kaza. Inda aka kasa jituwa har yau shi ne wurin da za a ajiye lambar.

A zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, babu wata lamba. Ƙarfin sautin yana jikin zaren kansa. Mai kwafa yana kallon allurar na'urarsa, ya murɗa maɓalli yadda ya ga dama, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar wannan sana'a a Arewa, daga can kaya ke bazuwa zuwa garuruwa irin namu. Wani mai nazarin al'adu, Brian Larkin, ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, kuma a littafinsa Signal and Noise na 2008 ya yi dogon bayani kan yadda kwafi a kan kwafi yake cinye ingancin sauti da hoto. Duk kwafin da aka ƙara, shuuu ɗin nan na kaset yana ƙaruwa, muryar mawaƙi tana nisa. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙin da ke memorinmu yau daga irin waɗannan kaset ɗin aka juye su zuwa kwamfuta, shi ya sa suke a kwance. Shata ya rasu a 1999, kafin wayar salula ta zama ruwan dare a ƙasar nan, don haka babu wanda ya haɗa masa kiɗa da tunanin sifikar waya.

Su kuma na zamani me ya sa suke ihu? Nan sai mun leƙa waje. Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, kuma sautin dijital yana da rufi, iyakar da ba a ƙetarewa. Sai masu haɗa sauti a Amurka da Turai suka gano dabara: a danne wuraren da sauti ya yi tsini, sannan a ɗaga waƙar gaba ɗaya har ta manne da rufin. Kunnen ɗan Adam yana da wani rauni, in aka jera masa abu biyu, wanda ya ɗan fi ƙara yakan ji kamar ya fi daɗi. Kowane kamfani ya shiga tseren kada tasa ta fi ta wani rauni a rediyo. Abin ya yi ƙamari a 2008 da faifan Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, inda masoyansu suka lura waƙoƙin sun fi tsabta a cikin wasan bidiyo na Guitar Hero fiye da a faifan da suka saya da kuɗinsu, har suka yi ta sa hannu a takardar koke. Situdiyoyinmu na Kano da Kaduna da Jos, da suka tashi daga fiyanon Yamaha zuwa manhajojin haɗa kiɗa a kwamfuta, sun gaji wannan ɗabi'a. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya san waƙarsa za ta yi gogayya da ƙugin Keke Napep da janareta a gidan biki, dole ya matsa mata.

To, a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe, wani mai suna Eric Kemp ya ɗinka wa fayil ɗin MP3 ɗan aljihu a ƙarshensa. Shi ne ID3. Girmansa bayit 128 kacal: harafi 30 na sunan waƙa, 30 na mawaƙi, 30 na kundi, huɗu na shekara, sai 'yar guntuwar sharhi da lambar nau'in kiɗa. Babu gurbin ƙarar sauti. A 1998 aka fito da ID3v2, aljihu mai faɗi da aka mayar farkon fayil, wanda yake ɗaukar hoto da baitoci da kusan duk abin da aka ga dama. Hoton da kake gani in waƙa tana tafiya, da sunan shafin intanet ɗin da ya maƙale a gurbin sunan mawaƙi, duk a wannan aljihun suke zaune.

Sai 2001, shekarar da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. A shekarar ne David Robinson ya gabatar da tsarin ReplayGain. Manhaja za ta bi waƙa daga farko zuwa ƙarshe, ta yanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, ta auna ƙarfinsu daidai da yadda kunne ke ji, domin kunne ya fi kama sautin tsakiya fiye da mai kauri sosai ko siriri sosai. Daga nan ta gwada da ma'auni ɗaya, desibel 89, ta fitar da lamba, misali a rage desibel 8, ko a ƙara 3. Ana fitar da iri biyu: ta waƙa ita kaɗai, da ta kundi gaba ɗaya, don kada a tilasta wa waƙar da mawaƙi ya so ta yi sanyi ta yi ƙara ɗaya da sauran. Ana kuma rubuta tsinin sauti mafi tsawo a waƙar, don kada a ɗaga ta ta daki rufi ta fashe. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ba a taɓa sautin kansa ko kaɗan. Takarda ce kawai aka liƙa, manhajar da ta iya karatu ta karanta, wadda ba ta iya ba ta wuce.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Fayilolin FLAC da Ogg suna da nasu gurbin rubutu, lambar ta zauna lafiya a can. A MP3 kuwa wasu manhajoji suna rubuta ta a ID3v2, wasu a wani aljihu na dabam mai suna APEv2 a ƙarshen fayil, wasu a cikin kan fayil ɗin da manhajar LAME ke rubutawa lokacin haɗa shi. Apple ya ƙi bin kowa, ya fito da Sound Check a iTunes a 2002, yana ajiye lambarsa da sunan iTunNORM a gurbin sharhi. In ka taɓa buɗe bayanan wata waƙa ka ga jerin lambobi da haruffa marasa kan gado a wurin sharhi, sau da yawa ita ce. Windows Media Player shi ma da nasa, PeakValue da AverageLevel. Fayil ɗaya zai iya ɗauke da lamba uku daga manhaja uku, kuma wayarka ta ƙi kallon ko ɗaya.

Wuri na biyu shi ne kundin manhajar kanta. Manhajojin tara waƙa suna da rumbun bayanai a kwamfuta inda suke rubuta sunan kowace waƙa, sau nawa ka saurare ta, da lambar ƙararta. Wasu irin MediaMonkey suna rubutawa a rumbun su kuma rubuta a aljihun fayil in nau'insa ya ba da dama. Bambancin yana da muhimmanci a wurinmu. Abin da ke aljihu yana bin fayil duk inda ya je. Abin da ke rumbu kaɗai yana mutuwa ranar da aka yi wa laftof fomatin, kuma kowa ya san yawan fomatin da ake yi a hostel gab da fara furojet.

Akwai kuma MP3Gain ta Glen Sawyer, wadda ta bi ta wata ƙofa. Kowane ƙaramin yanki na MP3 yana ɗauke da nasa ma'aunin ƙarfi, sai manhajar ta bi su duka ta sauya, taki-taki na desibel 1.5, ba tare da sake matse sautin ba. Ta haka ko ƙaramar rediyo mai cin memori ta mai shayi za ta ji gyaran, tunda ba ta buƙatar karanta komai. Sannan ta rubuta adadin da ta sauya a aljihun APEv2, domin a iya mayar da waƙar yadda take.

Yanzu mu dawo gida. Waƙa ba ta iso mana ta shagon iTunes ba. Ta iso ta hannun masu turi a bakin kasuwa da tasha, ta Bluetooth, ta Flash Share, ta Xender. Mai turi yana tara kaya daga ko'ina: wannan daga kaset, wannan an yanko daga fim, wannan an juyo daga bidiyon YouTube, wannan an ɗauka da waya a wurin wa'azi ko taron siyasa. Xender da Bluetooth suna kwafar fayil yadda yake, da aljihunsa da komai, saboda haka da a ce akwai lamba a ciki da ta iso. Sai dai galibi ba a taɓa aunawa ba tun asali, kuma manhajar juya bidiyo zuwa MP3 sabon fayil take haifarwa mai aljihu wayam.

Wuri na uku shi ne wanda aka koma yanzu, rumbun kamfani. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar auna ƙarar sauti a 2006, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta ɗora nata a 2010 da ma'aunin LUFS, ta tsayar da -23 ga masu watsa shirye-shirye. Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, tana auna waƙa tun lokacin da aka ɗora ta, ta daidaita kowa a -14. Amfanin a fili yake, wanda ya matse waƙarsa don ta yi ihu rage masa kawai za a yi, ya tashi a tutar babu. Amma lambar tana hannunsu, ba ta cikin wani fayil da za ka tura wa abokinka, kuma ga ɗalibin da ke lissafin data kafin ƙarshen wata, memori bai tafi ko'ina ba.

Abu biyu ne suka sa na ga batun ya cancanci dogon rubutu. Na farko kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, kuma iyakar da ta ba babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Wanda ya ƙure murya saboda tsohuwar waƙa, ya bar ta a haka har biyar na zamani suka wuce, ya ci kasonsa na mako bai sani ba. Na biyu kuma tsofaffin kayanmu. Ana ta saka waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge a manhajojin ƙara murya, a fitar da sabon fayil, a tura a guruf a ce an gyara. Wannan aikin yana sake matse MP3 ɗin da ma ya riga ya yi asara, yana aske tsinin sautin da ya daki rufi, yana ɗaga shuuu ɗin kaset tare da muryar. In aka goge na asali, abin da aka aske ba ya dawowa. Kwafi a kan kwafi ne irin na Ƙofar Wambai, sai dai yanzu da hannunmu muke yi.

Mai laftof zai iya sauke foobar2000 kyauta, ya zuba fayilolinsa, ya sa ta auna su ta rubuta ReplayGain a aljihunsu. VLC na kwamfuta yana karanta lambar, amma a kashe abin yake zuwa, sai ka shiga saitin sauti ka kunna. A Android, Poweramp da AIMP suna karantawa. In kuma memorin na rediyon mota ne ko na tsohuwa a gida, MP3Gain ce za ta yi, kuma a kan kwafi ake yi, a bar na asali a wata ma'ajiya. Masu ɗaukar lakca da waya su duba nau'in fayil ɗinsu tukuna, domin WAV ba shi da gurbin da manhajoji suka yi ittifaƙi a kai, kuma MP3Gain aikinta a kan MP3 ne, ba za ta karɓi fayil ɗin WAV ko AMR ba.