Daga Ayarin Goro zuwa Tashar Mota: Yadda Layin Dogo Ya Kauce wa Yammacin Zamfara

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Anka, Gummi ko Bukkuyum ba. Layin dogo mafi kusa da waɗannan garuruwa shi ne wanda ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a shekarar 1929. Tun daga wannan shekara ba a ƙara masa ko taku ɗaya zuwa yamma ba. Wanda ya kalli taswirar yau zai zaci yankin nan dama can lungu ne da hanya ba ta ratsa shi. Tarihi kuwa ya nuna akasin haka. Akwai zamanin da kwarin Gulbin Zamfara ke kan babbar hanyar fatauci ta ƙasar Hausa, kuma jirgin da bai zo ba yana cikin abubuwan da suka ɗauke masa wannan matsayi.

Kafin zuwan Turawa, tafiya mai nisa ta ayari ce. Fatake kan taru ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, a ƙarƙashin madugu. Jagaba na gaba yana duba hanya, madugu na sasantawa da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu a kan kuɗin fito da na wucewa, a kwana a zango, da asuba a ɗaura kaya. Mafi shaharar waɗannan tafiye-tafiye ita ce ta Gwanja, inda ake sayo goro a kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina yakan ratsa Zamfara, ya gangara wajen Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Bargu har ƙasar Dagomba. Ana tafiya da kanwa, da baƙin tufafi na rini, da jar fata, da dabbobi, a komo da goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani ayarin sai shekara ta kewayo.

Gummi na da babban rabo a wannan fatauci. Binciken da masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi a kan fataken goro ya nuna cewa Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan rukunonin fatake uku da suka riƙe hanyar Gwanja tare da Agalawa da Tokarawa, a Gummi suka fara kafa sansaninsu bayan kakanninsu sun baro Barno. Daga nan ne da yawansu suka koma Kano a ƙarni na 19. Ita kuwa Anka, a nan sarautar Zamfara ta samu mazauni a farkon ƙarni na 19 ɗin, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a wajajen shekarun 1760 kuma sarakunan sun yi ta sauya wurin zama. Garin da ke da fada ko zango, baƙo ba ya yanke masa. Mai sayar da harawa, da mai fura, da maƙeri, da mai fito a bakin gulbi, duk suna ci daga ayarin da ya sauka.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Bayan shekara huɗu aka turo Percy Girouard, wanda injiniyan layin dogo ne, ya zama gwamnan Arewa, aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara. Jirgi ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe wannan layi da wanda ya taso daga Ikko. Nan take lissafin fataucin goro ya sauya. Dama Salaga ta riga ta raunana tun yaƙin basasar da ya ci ta a 1892. Yanzu kuma ga hanya mai sauƙi: a ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, a zuba shi a tarago, cikin 'yan kwanaki ya sauka Kano. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. Daga baya noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, wajajen Agege da Shagamu, kusa da dogon kansa. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta kwanaki, ayari ya rasa dalilin ratsa kwarin Zamfara, zangunan yamma suka fara yin shiru.

Da aka tashi kawo dogo lardin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1920, ba fasinja aka duba ba. Kaya aka duba. Masaƙun Ingila na neman auduga, kamfanoninta na neman gyaɗa, kuma ƙasar da ta fi ba da waɗannan biyu ita ce wadda ta miƙe daga Funtuwa zuwa Tsafe, Gusau da Ƙaura Namoda. Can aka bi da layin, mai tsawon fiye da kilomita 200 daga Zariya. Ƙungiyar BCGA ta masu neman auduga, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, daga baya har da Mayanci. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna da wuraren awo. Ƙaura Namoda ta zama matattarar gyaɗa, har da wadda ke shigowa daga ƙasar Faransa ta wancan zamani, wato Nijar. Sakkwato kanta, hedikwatar lardi kuma mazaunin Sarkin Musulmi, ba a kai mata dogo ba, har yau kuma ba ta da shi.

Sakamakon wannan zaɓi yana tare da mu. Gusau, wadda ta faro a matsayin ribaɗi na Malam Sambo Ɗan Ashafa a farkon ƙarni na 19, ta tumbatsa da ma'aikatan reluwe, da akawuna, da 'yan kasuwa Yarbawa da Ibo da Kwarori, aka yi Sabon Gari, daga baya aka yi masaƙa da injin matsar mai. Cikin shekaru kaɗan ta sha gaban tsofaffin garuruwan sarauta a arziki da yawan jama'a. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, sunan ya fito daga tsohuwar daular da gadonta ke Anka, amma hedikwata ta tafi garin da ke da tashar jirgi.

Ga mutumin Gummi ko Bukkuyum na zamanin En'e, jirgi abu ne da ake zuwa a tarar. Manomi ya kai audugarsa ko gyaɗarsa wurin awo a kan jaki ko raƙumi, babbar mota ta kwashe zuwa Gusau. Ɗan cin rani kuma, da zarar an gama girbi, ya saɓa sandarsa ya taka da ƙafa, ko dai ya yi gabas ya hau jirgi zuwa Zariya, Kano ko ma'adinan kuza na Jos, ko ya yi kudu ta Yawuri zuwa Kurmi. Hanyoyin mota na farko na jar ƙasa ne, da aikin gayya da na tilas aka share su, kuma da damina ta sauka sai rafuka su yanke su. Mai hali ya hau gaban babbar mota kusa da direba, talaka ya hau bodi a kan buhuna.

Jirgin ƙasa ya kai ƙololuwarsa a farkon 'yancin kai. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, an kai dogo Maiduguri a 1964, kuma a wannan shekara jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Shekara goma bayan haka adadin ya faɗo zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Dalilan a fili suke. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata layin gabas, ya kuma kori ƙwararrun ma'aikata da yawa daga tashoshin Arewa. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya kayan da aka gina layin Ƙaura Namoda dominsu. Kuɗin man fetur kuma ya karkata ga kwalta. Layin kansa siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, ga kwana-kwana, jirgi ba ya iya gudu a kansa. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara a 1995, nan ma ba a ga canji mai ɗorewa ba. Reshen Zariya zuwa Ƙaura Namoda, da yake ba shi ne uwar hanya ba, shi ya fi shan sakaci, kuma ya daɗe rabonsa da jigilar fasinja a kai a kai.

Yammacin Zamfara kuwa a wannan zamani ne ya ɗan samu sauƙi, domin mota na zuwa inda jirgi bai je ba. Aka samu titin da ya rabu da babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ya bi ta Anka da Ɗaki Takwas ya isa Gummi, da reshen da ya yi kudu daga Ɗaki Takwas zuwa Zuru, da wanda ya haɗa Anka da Talata Mafara. Kamfanin harhaɗa Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, fijo 504 ta zama sarauniyar hanya. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ta kama ragamar tashoshi: ita ke tsara layin lodi, 'yan kamasho na kiran fasinja, mota ba ta tashi sai ta cika. Bayan fijo aka yi zamanin J5, sannan Golf da Sharon da bas mai cin mutum goma sha takwas. Ranar kasuwa motar kanta ce ke kwasar mutane da buhuna da awaki gaba ɗaya. Daga bakin kwalta zuwa ƙauye kuma sai babur, wanda ya yawaita bayan shigowar masu araha daga Sin a farkon shekarun 2000.

Raunin wannan tsari shi ne dogaro da hanya ƙwaya ɗaya. An ga haka a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun sha fama kafin su isa wasu ƙauyukan da damina. An sake gani da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari. Tare hanya da satar matafiya suka sa direba ba ya tashi sai rana ta fito, kuma yana ƙoƙarin isa kafin magariba, wani lokaci sai an jira rakiyar jami'an tsaro. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da mai da zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Kisan gillar da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022 ya ƙara korar jama'a zuwa cikin garuruwa. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ninka kuɗin mota. Ga waɗanda gonakinsu ke ƙetaren gulbi kuma, har yanzu kwalekwale ne, kuma kifewar da wani ya yi da manoma a Gummi a Satumbar 2024, inda aka rasa rayuka masu yawa, ta nuna abin da rashin gada ke jawowa.

A wasu sassan ƙasar jirgi ya dawo. An buɗe sabon layi mai faɗin milimita 1,435 tsakanin Abuja da Kaduna a Yulin 2016, na Ikko zuwa Ibadan a 2021. Harin da aka kai wa jirgin Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ya dakatar da shi har Disamba, abin da ya nuna dogo ma ba ya tsira idan daji ba lafiya. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. A Zamfara, an fara aikin filin jirgin sama na Gusau a 2024, ana kuma aikin mayar da titin Zariya zuwa Sakkwato tagwaye. Duk waɗannan ayyuka na Zamfara, ko dai suna gabas ko suna arewa. Taswirar da aka zana a 1929 ita ce har yanzu ake bi.

Akwai abu guda da ya canza. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya cire harkar jirgin ƙasa daga hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, yanzu jiha na da ikon shimfiɗa dogonta. Amma gaskiya ita ce aikin dogo ya fi ƙarfin aljihun jiha irin Zamfara, kuma ko an tashi miƙa layi zuwa Sakkwato, ta Talata Mafara ya fi kusa ya bi. Saboda haka abin da ya kamata wakilan Anka, Gummi da Bukkuyum su sa a gaba, a majalisar jiha da ta tarayya, abu uku ne da ake iya yi a wa'adi ɗaya: a tsare titin Mayanci zuwa Gummi da na Ɗaki Takwas zuwa Zuru ta yadda za a bi su dare da rana, a gina gadoji a mashigan gulbi da mutane ke fito, a kuma matsa a farfaɗo da layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda domin hatsi da dabbobin yankin su samu tarago a Gusau. Masu zaɓe kuma su riƙa tambayar duk ɗan takarar da ya zo da alƙawarin jirgi: wace hanya za ka gyara mana kafin ya iso, kuma a kasafin wace shekara?