Ƙaramin jirgin da ya wuce sauti ba matuƙi

Duk wanda ya tashi a Darki ko wani ƙauyen Wudil ya san jirgin kara. Bayan an yi girbi, yara su fere karan dawa, su soka fukafukai, su yi ta gudu da shi suna ƙugi da baki. Manya dai wasa suke ɗaukarsa. To amma a tarihin jiragen jet akwai lokacin da gwamnatin Ingila ta ajiye babban jirgi ta koma ga ƙaraminsa, kuma har yau ana gardama ko ta yi daidai.

A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka ba kamfanin Miles aikin ƙera jirgin gwaji a asirce, mai suna M.52. So ake ya yi mil 1,000 a awa, wato ya zarce gudun sauti, da injin jet na kamfanin Frank Whittle. Matsalar ita ce babu wanda ya san takamaiman abin da iska ke yi a wannan gudun. Jirgi in ya doshi gudun sauti sai ya kama kakkarwa, hancinsa ya sunkuya, matuƙi ya ja sanda ta ƙi jin magana.

Wani zai ce, ai sai a sa ƙaramin samfuri a bututun gwajin iska, kamar yadda 'yan'uwan nan Wright suka gwada fukafukai wajen 200 a 1901. Nan fa gizo ke saƙa. Idan iskar cikin bututun ta kusa gudun sauti, igiyoyin matsin da samfurin ke tayarwa sai su bugi bango su dawo kansa, bututun ya shaƙe, awon ya zama shirme. Ga kuma wata: ka rage tsawon jirgi sau 10, faɗin fiffikensa ya ragu sau 100, girman jikinsa sau 1,000, ita kuwa iska tana nan yadda take, ba ta ƙanƙance tare da shi ba. Shi ya sa ƙaramin abu ke jin iska da ɗan kauri fiye da babba, batun da ya samo asali daga binciken Osborne Reynolds na 1883. Samfuri kan yi ƙarya idan ba a iya tambayarsa ba.

A Fabrairun 1946, jirgin ya yi nisa a ƙira, aka soke aikin. Cikin dalilan da aka bayar har da tsoron salwantar da ran matuƙi, ga kuma baitulmali ya bushe bayan yaƙi. Tsoron ba na banza ba ne, don a Satumbar wannan shekarar jirgin gwaji DH 108 ya tarwatse a sama da Geoffrey de Havilland ƙarami. Sai aka koma ga samfurin M.52 mai kashi 3 cikin 10 na girmansa, da injin roka, ba mutum a ciki. Jirgin Mosquito ke ɗaukarsa sama ya sake shi. Na farko, a Oktobar 1947, fashewa ya yi. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 14 ga wata, Chuck Yeager ya wuce gudun sauti a Amurka cikin Bell X-1.

A ganina, masu cewa Ingila ta yi wa kanta sakiyar da babu ruwa suna da hujja, amma sukan manta cewa da mutum ne a cikin wancan na farkon, da wani labarin ake bayarwa.

A Oktobar 1948 aka sake gwadawa. Samfurin ya kai ninki 1.38 na gudun sauti, ya tafi sumul bai wuntsila ba, abin da ya nuna siffar da injiniyoyin Miles suka zana tun farko daidai take. An tsara zai faɗa teku bayan gwajin. Ya ƙi bin umarnin rediyo, ganin ƙarshe da na'urar rada ta yi masa ya miƙe ya nufi tsakiyar tekun Atalantika.